Abincin titi a bukukuwan Parakou da Djougou

A arewacin Jamhuriyar Benin, duk bikin da ya tara jama'a a fili yana tafe da kasuwar abinci. Parakou, babban birnin yankin Borgou, da Djougou, babban birnin yankin Donga, suna da tazarar kimanin kilomita 135, kuma dukansu tsoffin zangon fatake ne a hanyar goro da ta haɗa Kano da ƙasar Gwanja. Shi ya sa Bahaushe baƙo yakan gane yawancin abin da ke kan teburan masu sayarwa, ko da sunan ya sauya.

Yaushe ake bukukuwan?

Mafi girma shi ne Gani, bikin al'ummar Baatonu, waɗanda ake kira Bariba. Cibiyarsa garin Nikki ce, amma ana yin sa a Djougou da wasu garuruwan arewa, da hawan dawaki da busa kakaki. Baƙi da yawa masu zuwa Nikki a Parakou suke sauka. Akwai kuma Sallah ƙarama da babba, da bikin 'yancin kai na ranar 1 ga Agusta.

Gani yana bin watan Mauludi ne, don haka duk shekara yana matsowa da kusan kwana 11. A ƙarshen 2015 Mauludi ya zo cikin Disamba, lokacin hunturu. A 2023 da 2024 da 2025 kuwa cikin Satumba ya faɗo, wato tsakiyar damina. Wannan ne ya fi komai sauya abincin bikin, domin a damina ne sabuwar doya take shigowa kasuwa, shanu kuma suke samun ciyawa, nono ya yawaita.

Abin da ake ci

Sakwara ce kan gaba. Benin tana cikin ƙasashen da suka fi noman doya a duniya, bayan Najeriya da Gana da Kodebuwa, kuma sabuwar doya takan fara fitowa daga wajen Yuli zuwa Agusta. Ana kirɓa ta a turmi a gaban mai saye, a ci da miyar gyaɗa ko ta agushi. Idan ɗanyar doya ta yi tsada da rani, sai a koma ga wasa-wasa, wanda ake yi da garin busasshiyar doya, a turara shi kamar dambu.

Wagasi cuku ne da matan Fulani suke yi. Ana ɗumama madarar shanu, a zuba ruwan tumfafiya har ta daskare, sannan a tsane ta a ƙananan kwanduna. Jan launin bayansa daga karan dafi yake. Ana soya shi a ci da yaji, ko a jefa cikin miya a madadin nama.

Gasasshen nama, wanda ake kira cacanga a Benin, sana'a ce da aka san Hausawan zango da ita. Kusa da mai nama za a tarar da mai masa, da mai ƙosai, da mai tubani, da mai shinkafa da wake, wadda a can ake ce wa wace.

Abin da ake sha

Fura da nono, da dege na gero da kindirmo, su ne na gargajiya. Zoɓo da lemun citta da ruwan tsamiya da na kuka sun mamaye bakin titi, ana sayar da su da sanyi daga cikin kula. Cukutu, giyar dawa da Hausawa suka sani da burkutu, tana da nata rumfunan dabam, musamman a ƙauyukan da ke kewaye da Djougou.

Abin da ke sauyawa

Na farko, awara ta zama kishiyar wagasi. Noman waken suya ya bunƙasa a arewacin Benin, awara kuma ta fi araha, ga shi ba ta jiran damina. Ga mai saye wannan sauƙi ne, amma ga matar Fulani da ke dogaro da cinikin cuku gasa ce.

Na biyu, leda. A Disamba 2017 Benin ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Duk da haka har yanzu ana ƙulla zoɓo da koko a leda, wasu kuma suna ɗura abin sha a tsoffin robobin ruwa.

Na uku, iyaka. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 zirga-zirga ta gadar Gaya zuwa Malanville ta samu cikas. Ta wannan hanya ce dabbobi da albasar Nijar suka saba gangarowa Parakou, kuma abin da ya shafi farashin rago yana shafar mai cacanga.

Na huɗu, biyan kuɗi ta waya ya bazu, ko da yake cinikin ƙosai da masa har yanzu na tsabar sefa ne.

Abin lura ga mai saye

Damina lokaci ne na ƙuda da gurɓataccen ruwa. Wagasi ba ya jure zafi: idan babu firji, sai an riƙa tafasa shi a ruwan gishiri, in ba haka ba cikin 'yan kwanaki ya lalace. Gara a sayi wanda aka soya a gaban ido, da naman da ke kan wuta. Haɗarin abin sha kuwa yana cikin ruwa da ƙanƙarar da aka haɗa shi da su, don haka tambayar mai sayarwa inda ta samo ruwanta ba rashin kunya ba ne.