Kason Jiha ko Kason Yaro? Nazarin Rabon Tallafin Ilimin Bai-ɗaya a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, take raba tallafin da jiha ba ta samunsa sai ta ajiye kwatankwacinsa. Ta auna rabon da alƙaluman ƙidayar 2006 da kuma yawan haihuwa a shiyyoyi. Abin da ta gano shi ne ba wa kowace jiha kaso ɗaya yana rage abin da ke isa ga yaron jiha mai yawan jama'a, kuma wannan giɓi zai ci gaba ko da kowane gwamna ya biya kasonsa a kan lokaci.

Gabatarwa

Yankin Yamma ya fara ilimin firamare kyauta a 1955 ƙarƙashin Obafemi Awolowo, Yankin Gabas ya bi sahu a 1957, Arewa kuwa sai da ta jira shirin tarayya na 1976. Tazarar kimanin shekara ashirin ce, kuma duk wani shirin ilimi da ya biyo baya ya zo ne da alƙawarin cike ta. A ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka kafa masa doka. Dokar ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta kuma ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya domin tallafa wa jihohi. Tambayar wannan nazari ita ce: shin yadda ake raba wannan kuɗi yana rage tazarar, ko ƙara ta yake yi?

Bitar Ra'ayoyi

Masu cewa matsalar al'ada ce, wai iyaye a Arewa ba sa son boko, ba za mu daɗe a kansu ba. A 1976 an yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya na firamare, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ajin da ake cusa yara fiye da ɗari a unguwannin Kano shi ma amsa ce.

Ra'ayin da ya fi ƙarfi, kuma shi ne muke jayayya da shi, shi ne na masu ɗora laifin duka a kan gwamnoni. Hujjarsu a fili take. Dokar 2004 ta ce jiha ba ta cin tallafin sai ta zuba aƙalla rabin kuɗin aikin da za a yi, kuma kusan kowace shekara hukumar takan fito ta sanar cewa biliyoyin naira na kwance ba a karɓa ba. Har ta kai a zamanin ministan ilimi Adamu Adamu gwamnatin tarayya ta cire kason jihohi daga kuɗin da take mayar musu na rarar biyan bashin Kulob ɗin Faris, don dai a samu a fitar da tallafin. Daga nan sai masu wannan ra'ayi su yanke hukunci cewa tsarin lafiyarsa ƙalau, masu aiwatarwa ne suka gaza. Sakacin gwamnoni gaskiya ne, ba mai kare shi. Amma wannan bayani ya tsaya a kan ko an karɓi kuɗin, bai taɓa tambayar nawa ne kuɗin idan aka raba shi a kan yaran da aka yi shi dominsu ba. Nan ne muke ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Hanyar Bincike

An yi amfani da nassin dokar 2004, da ƙa'idar rabon da hukumar ke bi, da ƙidayar jama'a ta 2006, da binciken lafiya da yawan al'umma na 2018. Lissafin mai sauƙi ne: an kwatanta kason kowace jiha a tallafin da kasonta a yawan jama'ar ƙasa.

Sakamako da Tattaunawa

A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin da dokar ta ware ne ake bayarwa a matsayin tallafin da jiha za ta ajiye kwatankwacinsa, kuma ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kenan kowace na da kaso ɗaya cikin 37, wato kimanin kashi 2.7 cikin ɗari. Ƙidayar 2006 ta ba Nijeriya mutum miliyan 140.4. Kaso ɗaya cikin 37 na wannan adadi shi ne miliyan 3.8, don haka duk jihar da jama'arta ta haura haka tana samun ƙasa da abin da yawanta ya cancanta.

A ɗauki Kano da Bayelsa. Kano na da mutum miliyan 9.4 da ƙananan hukumomi 44, Bayelsa na da miliyan 1.7 da ƙananan hukumomi 8. Cekin da za a rubuta musu iri ɗaya ne. Idan aka raba shi a kan kowane mutum, ɗan Bayelsa ya samu ninki biyar da rabi na abin da Bakano ya samu. Kano ce ke ɗauke da kashi 6.7 cikin ɗari na jama'ar ƙasa, amma kashi 2.7 take karɓa. Kaduna mai miliyan 6.1 da Katsina mai miliyan 5.8 duk suna cikin masu asara. Idan aka haɗa jihohi bakwai na Arewa maso Yamma, jama'arsu miliyan 35.9 ce, wato fiye da rubu'in ƙasa, rabonsu kuwa bakwai cikin 37, bai kai kashi 19 cikin ɗari ba.

Kada a ɗauka wannan rigimar Kudu da Arewa ce. Legas mai miliyan 9.1 tana asara kusan kamar Kano, Nasarawa da Yobe da Gombe kuma suna cikin masu cin riba. Bambancin shi ne Legas na da harajin cikin gida da za ta toshe giɓin, ga ɗimbin makarantun kuɗi da suka ɗauke mata nauyin yara masu yawa. Katsina ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun a wannan mataki.

Kuma wannan lissafi ma sassauci ya yi wa tsarin, domin ya ƙirga jama'a ne gaba ɗaya, alhali tallafin na yara ne. Binciken 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6, a Kudu maso Yamma kuwa 3.9. Inda haihuwa ta fi yawa, kason 'yan shekara shida zuwa sha biyar a cikin jama'a ya fi girma. Saboda haka Sakkwato mai miliyan 3.7, wadda a ƙirgar jama'a take daidai kan iyaka, za ta gangara cikin masu asara da zarar an koma ƙirgar yara. Shiyyar da ta fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ita ce ke samun mafi ƙarancin naira a kan kowane yaro.

Sharaɗin ajiye kwatankwaci ya ƙara dagula lamarin. Adadin da ake nema daga jiha mai ƙarfin haraji shi ake nema daga wadda ke jiran rabon wata-wata kafin ta biya albashi. Wadda ta fi buƙata ita ce ta fi fuskantar haɗarin rasa kuɗin. Sannan mafi yawan tallafin a kan gini da gyaran ajujuwa da kujeru yake tafiya, albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Shi ya sa ake ganin sabon bulo mai fenti a ƙauye, ajujuwa shida, malamai biyu. Gwajin da Kaduna ta yi a 2017, inda malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu bisa makin da jihar ta gindaya, ya nuna inda ciwon yake, ko da kuwa mutum bai yarda da korar da ta biyo baya ba.

Za a ce ai an ware kashi 14 cikin ɗari na kuɗin da dokar ta tanada domin gyara rashin daidaito. Haka ne, amma kashi 14 ba zai warware abin da kashi 50 ya ƙulla ba. Akwai kuma misalin da ya nuna wata hanyar na yiwuwa a ƙasa mai tsarin tarayya. Burazil ta kafa asusun ilimi na FUNDEF da gyaran tsarin mulki na 1996, ta faɗaɗa shi zuwa FUNDEB a 2007. Kuɗi na bin adadin ɗaliban da aka yi wa rajista, an ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a kashe wa kowane ɗalibi, jihar da ta kasa kai wannan mataki tarayya ta cika mata. Jihohin arewa maso gabashin ƙasar, waɗanda suka fi talauci, su suka fi amfana. A nan gida ma shirin BESDA na Bankin Duniya, na dala miliyan 611 da aka amince da shi a 2017, jihohi 17 ya zaɓa bisa yawan yaran da ke waje da makaranta, kuma ta hannun UBEC ɗin aka gudanar da shi. Ashe hukumar ta san rabo bisa buƙata idan kuɗin na bashi ne.

Iyakokin Nazarin

Dole a ambaci cewa ƙidayar 2006 ta tsufa, an kuma yi ta musu a kanta, musamman tsakanin Legas da Kano. Sai dai ita ce ta ƙarshe da ƙasa ta yi, kuma ko an rage wa Kano miliyan biyu ninkin da ke tsakaninta da Bayelsa zai haura huɗu. Nazarin bai auna sakamakon karatun yara kai tsaye ba, kuɗi kawai ya bi. Akwai kuma fargabar cewa rabo bisa rajista zai sa jihohi su kumbura adadin ɗalibai, kamar yadda ake zargin ana yi da sunayen malaman bogi. Wannan matsalar tantancewa ce, maganinta ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da wani mai zaman kansa zai riƙa bin diddiginta aji-aji kafin a saki kuɗi.