Yaron da Ba Shi da Sarki: Tarihin Galahanga a Birnin Zazzau

Tun zamanin da, sarautar ƙasar Hausa ta san da zaman naƙasassu. A birnin Zazzau, kamar a Kano da Katsina, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kowanne yana sasanta jama'arsa, yana kai kukansu fada. Amma dukkan waɗannan lalurori ne da ido yake gani. Akwai wani yaro wanda tsarin bai tanadar wa gurbi ba: jikinsa lafiya lau, ga ji ga gani, amma ya shekara huɗu bai ce "Inna" ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, ya yini yana jera duwatsu ko yana kaɗa hannu, in an sauya masa wurin kwana ya yi ta kururuwa.

Da yake ba shi da sarki, sai ya tashi da sunaye barkatai. Wasu su ce dolo ne, wasu su ce shafar iska ce, wasu kuwa, in abin ya tsananta, su ce ɗan ruwa ne aka musanya wa uwar. Suna kuwa shi yake zaɓen magani. Kamar yadda kalmar shan-inna ta ɗora shanyewar ƙafa a kan Inna ta 'yan bori, haka waɗannan sunaye suka riƙa kai iyaye wajen girka da turare da rubutun sha. Al'ada ma takan ɓoye alamun. Sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, saboda haka yaron da ba ya haɗa ido da mutane sai a yaba masa da kunya; jinkirin baki kuma a ce gadon gidansu ne.

Likitancin Turawa, wanda ya shigo birnin ta hannun Likita Mila a 1905, shi ma bai zo da sunan abin ba. Sai a 1943 Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a Baltimore ta Amurka, Hans Asperger kuma ya bi baya a 1944 daga Biyana. Daga nan aka shekara da shekaru ana zargin uwaye da rashin nuna ƙauna, zargin da bincike ya rushe, domin an tabbatar lalurar daga ginuwar ƙwaƙwalwa take, kuma gado yana da babban hannu a ciki. A 1978 Victor Lotter ya buga bincikensa a kan yaran wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya nuna ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. A 1979 Lorna Wing da Judith Gould suka nuna abin hawa-hawa ne: wani ba zai taɓa magana ba, wani kuwa zai yi karatu mai zurfi. Kafofin watsa labarai na Hausa sun ari kalmar galahanga, ko da yake jama'a suna kiran wasu lalurori daban da ita.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta kawo asibitin koyarwa kusa da ganuwa. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2 ga Afrilu don wayar da kai, a 2019 kuma Nijeriya ta sami dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Sai dai doka ba ta shiga zaure da kanta.

Abin lura shi ne birnin yana da nasa jari. Littattafan Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Juma da Kona sun wajabta wa waliyyi tsare dukiyar wanda bai iya juya ta ba, aya ta 5 ta Suratun Nisa'i kuma ta umarci a ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Babban gida yana da hannaye da yawa. Lokutan salla suna tsara yini ba sauyi, irin yaran nan kuwa tsari suke so. Ɗinkin hula da aikin riga, da aka san Zazzagawa da su, sana'o'i ne na haƙuri da maimaici waɗanda wasunsu za su iya ci da kansu a ciki.

Ba a sami maganin da yake raba mutum da galahanga ba, amma koyar da magana da mu'amala tun da wuri yana sauya rayuwa ƙwarai. Birnin da ya naɗa wa makaho sarki ba zai rasa wurin da zai zaunar da wannan yaro ba, muddin an kira lalurarsa da sunanta.