Satar Mota a Abuja: Wace Kariya Ce Ke Aiki?

Satar mota a Abuja iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar. Akwai ɗauke motar da aka ajiye a bakin kasuwa ko ma'aikata ko wurin ibada, mai ita ya fito ya tarar da fili. Akwai kuma ƙwace da makami, inda ake tafiya da motar har da makullinta. Yawancin na'urorin da ake sayar wa jama'a domin iri na farko aka ƙera su.

Wadda ta fi ƙwaƙƙwarar shaida a cikinsu ita ce na'urar hana inji tashi. Wata 'yar ƙwayar lantarki ce ake sakawa a kan makulli. Muddin kwamfutar motar ba ta gane ta ba, inji ba zai kama ba ko da an murɗa makullin jabu. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, kuma binciken da masana tattalin arziki Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa daga 2021 aka yi ta sace wasu samfuran Kia da Hyundai da aka ƙera babu ita, bayan an yaɗa dabarar a TikTok.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ɗimbin motocin Kwatano da ke kan titunan Abuja daga Amurka aka shigo da su, wasu kuma sun tsufa. Abin takaici, akwai masu motar da idan makulli ya ɓata, maimakon su biya a haɗa musu sabo, sai su sa mai gyaran waya ya kashe na'urar baki ɗaya. Sun yi wa ɓarawo rabin aikinsa ke nan.

Na'urar bin sawu ba ta hana sata. Taimakonta wajen gano mota ne, kuma ita kaɗai ce ke da sauran amfani bayan ƙwace. Da layin waya take aiki, don haka idan kuɗin layin ya ƙare, ko ɓarayi suka toshe sadarwa, ko suka lalubo ta suka cire, sai ta yi shiru. Lokaci ne ƙarfinta: motar da aka ɗauke a Wuse kan iya wuce Zuba ta hau hanyar Kaduna, ko ta bi Nyanya ta shiga Nasarawa, kafin mai ita ya gama rubuta ƙorafi.

Ƙarfen kulle sitiyari ɓata wa ɓarawo lokaci kawai yake yi, amma sau da yawa hakan kan isa ya koma kan motar da ke kusa. Jiniya kuwa, kowa ya saba da kukanta, ba mai waiwayawa.

Babban giɓin yana wajen sayarwa, domin ba a satar abin da babu mai saye. Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ta mayar da Babbar Rajistar Motoci, wato CMR, kan intanet, inda mai mota zai iya shigar da rahoton sata. A watan Yulin 2024 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da tilasta yin rajistar domin a ƙara wayar da kan jama'a. Cinikin ma ya wuce iyakar ƙasa: a watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Wanda ya karɓi mota yana sane ta sata ce, sashe na 317 na kundin Penal Code da ke aiki a Abuja na jiransa, saboda haka gwada lambar da masana'anta ta buga a jikin mota da ta takardu kafin biyan kuɗi ba ɓata lokaci ba ne.

Inshorar dole ta naira 15,000 da direbobi ke yanka ɓarnar da aka yi wa wani take biya. Ba ta biyan motar da aka sace. Sai inshorar da ta haɗa da sata, kamar cikakkiyar inshora.