Daga Plaza zuwa rumfar kwano

Kawuna ma'aikacin kamfanin fata ne a Challawa. Ranar albashi wanka biyu yake yi, don warin jima ba ya jin sabulu ɗaya. Sai ya sa ni gaba mu bar Zawaciki, mu hau mota zuwa Fagge. A gida cewa yake za mu gai da wani abokinsa. Abokin nan sunansa Plaza.

Ban gane dalilin ɓoye-ɓoyen ba sai da na girma. Silima ta shigo Kano da baƙin jini. Tun 1937 da aka buɗe Rex, a wajen ganuwa ake gina gidajen, wuraren Fagge da Sabon Gari, inda baƙi suke, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka fara harkar. Tsofaffi dodon bango suke ce wa abin. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutanen gari da yawa suka ce ai ga hukuncin Allah nan. Da aka gina Palace a cikin birni, a Jakara kusa da kasuwar Kurmi, sai da aka yi rigima sosai. Ɗan silima da ɗan iska, a kunnen iyayenmu, duk ɗaya ne.

Amma ciki fa! Plaza ba rufi, sama ce rufinta, saboda haka sai duhu ya yi ake farawa. Mafi yawan darare na Indiya ne, Chanis da na Amurka su samu ragowar. Sabon fim bai dame mu ba. Faifan Sholay, fim ɗin 1975, ya sha juyi har ya yi zane-zane kamar ana ruwa a allon, kuma shi muke so. Kawu bai san Indiyanci ba, amma yakan riga Amitabh faɗin maganarsa. Dharmendra kuwa sarkin ƙarfi muke kiransa. In faifai ya tsinke a tsakiyar faɗa, sai gidan ya kaure da ihu, ana yi wa mai injin tsiya har ya ɗaura. Na sha ganin ƙato, mai ɗaukar buhu a Bompai, yana share hawaye da hularsa saboda an zalunci uwar wani a Mother India, fim ɗin da ya girme shi.

Bidiyo ne ya fara cin gidajen. Bayan fitowar fim ɗin Hausa Turmin Danya a 1990 kallo ya koma ɗakunan mata, sannan Shari'a ta zo a 2000, hukumar tace finafinai ta biyo baya a 2001. Ni dai na fi ɗora laifin kan mutuwar kamfanoni. Da injuna suka yi shiru a Sharada da Challawa, masu kuɗin tikiti na ƙarshen wata suka watse. Yau in ka ce Wapa, 'yan canji ne ke zuwa ran yaro, bai san an taɓa yin silima a wurin ba.

Na taɓa shiga silimar zamani a wani katafaren kanti. Ga sanyi, ga kujera mai laushi, kowa ya yi tsit kamar ana zaman makoki. Barci na yi.

A bayan layinmu akwai rumfar kwano mai benci takwas da janareto. In babu ƙwallo, mai gidan kallon yakan sa tsohon Indiya mai fassarar Hausa, wanda shi da kansa ya zaɓa, kuma ba ya jin shawara. Ran nan Sholay ya sa. Gabbar, mugun fim ɗin, bai gama fitowa ba mai ya ƙare, wuri ya yi duhu. Wani yaro a bayana ya ɗaga murya: "Malam, kuɗinmu ko Gabbar!" Mai gida ya ɗauki galan ya fita, ba wanda ya tashi daga benci.