Gidan Tarihin Victoria da Albert da Tukwanen Suleja

Gidan tarihin Victoria da Albert, da ke unguwar South Kensington a birnin Landan, yana cikin manyan wuraren adana kayan ƙawa da sana'ar hannu a duniya. An kafa shi a 1852, shekara guda bayan babban baje kolin duniya da aka yi a birnin, domin masu sana'a su riƙa ganin aikin gwanaye na ƙasashe daban-daban, su gyara nasu. A 1899 aka raɗa masa sunan Sarauniya Victoria da mijinta, Yarima Albert.

Galibin abin da ake tarawa a gidan kayan amfani ne da aka ƙawata: tufafi, darduma, kayan ƙarfe, gilashi, sassaƙa da tangaran. Zauren Jameel, wanda aka buɗe a 2006, na kayan ƙasashen Musulmi ne. A cikinsa akwai dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran wajen 1540, da mumbarin Sarki Ƙaitbay na Masar. A hawa na sama kuma akwai zaurukan kayan yumɓu, waɗanda aka sake buɗewa a 2009 da 2010, inda aka jera tangaran na Sin, Japan, Turai da Gabas ta Tsakiya.

Cikin kayan yumɓun da gidan ya mallaka akwai tukwanen Ladi Kwali, waɗanda aka gina a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta Jihar Neja a yau. Ladi Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukunya da hannu, tana zana ƙadangare, kada, kunama, kifi da tsuntsaye a jikin tulu. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta a fada, kuma a can ne Michael Cardew, Baturen Ingila da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, ya fara ganinsu. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko.

A cibiyar ta ci gaba da gini da zane irin na gida, sai dai ana shafa wa tulun sinadarin ƙyalli, a gasa shi da wuta mai tsanani. Wannan ya sauya amfaninsa. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda tsattsafowar da ruwan ke yi ta jikinsa, ƙyalli kuwa yana toshe ƙofofin, ga nauyi. Ta haka tulun ruwa ya koma kayan ado, ya sami kasuwa a Turai.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Baya ga Landan, akwai tukwanenta a gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington a Amurka.