Aluta

Aluta, sunan da ɗaliban jami'o'in Najeriya ke kiran zanga-zangarsu da shi, ba Turanci ba ne. Daga harshen Fotugal ya fito, cikin taken ƙungiyar FRELIMO da ta yi yaƙi har Mozambik ta samu 'yanci a 1975: "a luta continua", wato gwagwarmaya na ci gaba. "A luta" kalmomi biyu ne a can, bakin ɗalibai ya haɗe su. Alutar da har yau ake tunawa ita ce boren "Ali Must Go" na 1978, wanda aka rasa rayuka cikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Yanzu kam kalmar ta yi araha: ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwana, sai a fita aluta.