Asalin Tsohuwar Golf a Hanyar Katabu

Duk mai bin hanyar Zariya ta Katabu ya san tsohuwar Golf, ƙaramar motar nan mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama. To, yaya aka yi ta cika hanya haka? A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, ma'aikaci kuwa yakan ci rancen gwamnati ya sayi sabuwa fil. Da aka kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Sai aka koma ga kwancen Turai, 'yan Kwatano. Golf ta karɓu domin ba ta shan mai da yawa, kayan gyaranta kuma ga su a Panteka. Ashe dai faɗuwar naira ce ta kawo ta.